Akwatin Kawu Ilu Ya Je Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kayan miya na bakin kasuwar Kabo sai da ya tsayar da ni yana son jin ko da gaske ne ana dogarawa da burodin can kamar sanda. Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, don jiya ma na ji ana cewa wai an kulle kawuna a bakin iyaka. Ba a kulle shi ba, kodayake ya yi iya ƙoƙarinsa. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata. Kawu Ilu wan mahaifiyata ne, mai gyaran rediyo da kayan wuta a bayan tashar Gwarzo, kuma da yake sunan mahaifiyarsa na ci, bai taɓa kirana Hauwa ba, sai Uwata. A ƙasarmu an san shi da abu ɗaya, wato akwatin Ilu. Ɗan ƙaramin akwati ne da ake haɗawa da injin ban ruwa mai aiki da lantarki, ana zura wayoyinsa biyu cikin rijiya. Idan ruwa ya ja baya sai ya kashe injin kafin ya ƙone, ya jira rijiya ta tara, sannan ya sake tayar da shi. Da fetur ya fi ƙarfin talaka, manoman rani suka sayar da abin da suke da shi suka koma sola, sai akwatin Ilu ya zama abin nema. Injin da mutum ya sayar da bijimi ya saya ba abin da za a bar wa ƙaddara ba ne.

To amma masu sana'ar su Kawu suna da wata al'ada. Idan mutum ya haɗa abu, sai ya ɗauki reza ya kankare lambar da ke bayan aisi, wato 'yar baƙar na'urar nan mai ƙafafu wadda ita ce ƙwaƙwalwar aikin, sannan ya kwarara baƙin gam ya binne komai, don kada wani ya buɗe ya kwaikwaya. Kawu ya fi kowa riƙo da wannan. Tun yana da ƙarfinsa ya je Sabon Gari ya sayo aisi cike da gwangwanin madara, ya zauna rana guda ya kankare su duka, saboda yaron shagonsa na lokacin, Ɗanlami, yana da ido. Bai taɓa zana komai a takarda ba, wai takarda ba ta da amana. Shekara da shekaru yana ɗiba daga gwangwanin nan ba ya buƙatar lamba. Rannan ya sa hannu ya ji ƙasan gwangwani. Wanda ya sayar masa ya riga mu gidan gaskiya, idon Kawu ya yi rauni, lambar kuma ta bi ruwa. Tsofaffin akwatunan sun mutu ɗaya bayan ɗaya, saura guda mai rai a shagonsa.

Ana cikin haka, a wani taron suna a Garo, Sarkin Noma Alhaji Bawa ya roƙe shi a gaban jama'a ya yi wa manoman fadamarsu akwatuna kafin a shiga rani. Kawu kuwa ba ya iya cewa ban sani ba a bainar mutane. Ya gyara zaman hula ya ce an gama. Da ya zo gidana ya gaya mini gaskiya, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada maigidana ya ji, wallahi sai da na ji tausayinsa. Mutumin da aka yi shekaru ana kira Injiniya, ga shi zai tsaya gaban Sarkin Noma ya ce ya manta aikinsa.

Ni kuma a lokacin na ɗan jima ina wasa da wata manhaja a tsohuwar laftof ɗina, wadda ake zana hanyoyin wuta da ita, sannan ta taimaka a shimfiɗa su a kan allon da ake dasa na'urorin. Kyauta ce, kuma a buɗe take, kowa yana iya duba cikinta ya gyara. Da ita nake nuna wa ɗalibaina yadda wuta ke tafiya, tunda ɗakin gwajinmu ba abin da ya rage a ciki sai kwalabe da gizo-gizo. A zauren masu amfani da ita na waya na ga wata injiniya, Madam Ramatu, tana gayyatar taron koyon aiki a Yamai, har da masauki, kuma suna da kayan aikin da za a iya ɓare gam ba tare da an fasa allo ba. Na ce wa Kawu mu kai akwatin. Ya tambaye ni wa zai gani. Na ce ni kaɗai. Allah ya yafe mini wannan.

Sai maganar muharrami. Maigidana ya so ya raka ni, amma makon ne aka sa tantance ma'aikata a ƙaramar hukuma, kuma duk wanda bai bayyana da jikinsa ba za a rubuta shi ma'aikacin bogi. Ya ce shi da yake zuwa ofis kullum ma albashi da ƙyar yake gane shi, ina ga ya yi nisa. Don haka Kawu ya zama muharramina, ni kuma na zama idonsa. Ya naɗe akwatin cikin tsohon rawani ya rungume, ya ce ko jakar Hajji ba zai saka shi ba.

A tashar Gwarzo muka fara cin karo da samarin nan masu kaki da ke lura da tarbiyya. Ɗayansu ya yi sallama cikin ladabi ya tambayi Kawu mene ne haɗinsa da ni. Kuskuren yaron ke nan. Kawu ya fara daga kakan kakanmu da ya taso daga Gude da jakuna, ya bi aure-aure ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya ya yi wa matattu addu'a, ya gano cewa kakar yaron ma 'yar uwarmu ce ta wajen nono, ya tuna masa rediyon ubansa da har yanzu ba a zo an karɓa ba. Kafin ya iso kaina yaron yana ta cewa Baba Allah ya kiyaye hanya, shi da kansa ya buɗe mana ƙofar mota.

Motar kuwa ta haɗa shari'a da tsadar rayuwa a kujera ɗaya. Direba ya ce ba zai cakuɗa maza da mata ba, amma kuma ba zai tashi da gurbi ko na yatsa ba. Sai ya sa ni a gefen ƙofa, ya dasa buhun albasa a tsakanina da wani ɗan kasuwa a matsayin shamaki, kuma mai albasar ya biya wa buhun kuɗin kujera cif. Ni da buhun nan muka yi zumunci har Katsina. Duk gangara direba sai ya kashe mota ya bar ta ta gangara da ikon Allah, ya ce haka ake tuƙi yanzu. Shingaye kuwa tun daga Dayi na daina lissafi. A kowanne direba yakan miƙa hannu ta taga su gaisa da mai shingen, gaisuwar da ba a buɗe tafin hannu sai an gama.

A Jibiya muka canji kuɗi. Ba zan ce komai a kai ba, sai dai na miƙa abin da ya cika jakar hannuna aka ba ni abin da ya shige cikin ɗan littafin addu'a. Kawu ya dubi mai canjin ya tambaye shi ko sauran yana tafe ne.

Bayan mun tsallaka, a wajen binciken kaya na ɓangarensu, abin da kuka ji ana ƙarawa gishiri ya faru. Wani jandarma dogo, wato jami'in tsaronsu, ya ga tsoho rungume da ƙunshi, ya ce a kwance. Aka kwance. To ku auna da kanku: baƙin akwati, ciki curin baƙin gam, wayoyi biyu sun leƙo waje, ga ɗan batiri a gefe. Fasinjojin da ke kusa suka fara ja da baya ba tare da an ce su ja ba.

"Mi ke cikin wanga abu, Baba?" in ji jandarman.

"Sirrin sana'a ne," in ji Kawu.

Jandarman ya sake tambaya a hankali, Kawu ya sake ba shi amsa a hankali, har da ƙarin cewa ko ɗan cikinsa bai gaya wa ba balle baƙo. Aka kira babbansu. Na roƙi arziki a ba ni bokitin ruwa da ɗan ƙwan fitila, na haɗa a gabansu. Na tsoma wayoyin a ruwa, ƙwai ya kama. Na zare, ya mutu. Na mayar, ya yi shiru na ɗan lokaci kamar mai shawara, sannan ya kama. Babban nasu ya tsuguna ya gwada da kansa har ya jiƙa hannun riga, sai ga shi ashe yana da lambu a Madarunfa kuma inji biyu ya ƙona. Ya tambayi Kawu nawa zai sayar masa. Kawu ya ce ba na sayarwa ba ne, ya naɗe kayansa yana hura hanci. Da muka koma mota ya ce mini in lura, mutumin nan so yake ya saci fasaha.

Mun kwana a Maraɗi gidan wata 'yar uwar kishiyar kakata, wadda ta karɓe mu kamar jiya muka rabu alhali ba ta taɓa ganinmu ba. Da safe muka shiga doguwar mota zuwa Yamai, kuma a nan na ga abin mamaki na farko: an ce za a tashi bayan asuba, aka kuma tashi bayan asuba. Kawu yana tsaye yana cinikin goro a natse irin na mai jiran motar Kano, sai da yaron mota ya ɗago shi ta hammata. Kowa da lambar kujerarsa, ba buhu, ba akuya. Hanya doguwa ce, Konni, Dogon Dutsi, Doso, ko'ina ana sayar da kilishi da dogon burodin nan. E, ana iya dogarawa da shi idan ya kwana. Kawu ya gutsura sau ɗaya ya ce a mayar wa mai shi, haƙoran da suka rage masa amana ce.

Masaukinmu wani gidan baƙi ne kusa da inda ake taron. Ni da wata 'yar Burkina muka haɗa ɗaki, ba ta jin Hausa, ba na jin Faransanci, amma mun yi hira sosai da hannu da dariya. Abinci shinkafa da miya, sai dambu da zogale wanda na ci har na ji kunya. Abin da ya fi burge Kawu shi ne da rana ta take kowa sai ya rufe aiki ya tafi ya kwanta, a hukumance, ba a ɓoye ba. Ya ce a wajenmu ma ma'aikata suna yin haka, bambancin kawai su nan sun rubuta a ƙofa. Shayinsu kuma ba a shan sa a tsaye, zagaye uku ne a 'yan kofuna, na fari ɗaci kamar magani. A majalisar masu shayin nan ta bakin ƙofa Kawu ya kafa sansani, akwati a cinya.

Madam Ramatu Bazabarmiya ce, gajera, mai saurin magana, Hausarta irin ta kasuwa amma tana isar da saƙo. Mahalarta sun zo daga ƙasashe daban-daban, mafi yawa matasa. Ranar farko ana tsakiyar bayani wuta ta ɗauke, sai na ga duk ɗakin an waiwayo ana kallonmu ni da Kawu. Ashe a can idan wuta ta ɗauke cewa ake Najeriya ta ɗauke. Kawu ya ɗaga hannu ya ce a yi haƙuri, mu ma ba ta wajenmu.

Da wutar ta dawo, Madam Ramatu ta yi bayanin ƙa'idar gidan. Duk abin da aka zana a nan za a sa shi a fili. Kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya ƙera, har ya sayar, da sharaɗin ya bar sunan mai asalin aikin kuma shi ma ya bar nasa a buɗe. Ina fassara wa Kawu abin da ya kuɓuce masa, ina ganin fuskarsa tana sauyawa. Ya tambaya, to waɗanda suka yi ita manhajar, me suke ci? Aka ce wasu aikinsu daban, wasu ana tallafa musu, wasu don so kawai. Ya ce Allah ya ba su lafiya, da sigar da ake yi wa marar lafiya addu'a. Sannan ya tambaya idan mutum ya ɗauka ya goge sunan fa. Madam Ramatu ta ce ai ba a yin haka.

Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Uwata, baiwar Allahn nan ba ta taɓa zuwa Kano ba."

Ya dai yarda a ɓare gam ɗin, bisa sharaɗin a juya tebur ya kalli bango, shi kuma ya tsaya a bayana ya baza babbar riga kamar labule. Da iska mai zafi da ɗan tsinken ƙarfe na yi ta ɓantarowa a hankali, don idan na tsinke hanya ɗaya shi ke nan, ba wani akwatin a duniya. Gam ɗin Kawu ba na wasa ba ne, har da yashi ya zuba a ciki. Da allon ya fito, na bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya da mitar awon wuta ina zanawa a manhajar. Komai ya karantu ban da aisin. Muka sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, muka haska ta gefe, muka shafa masa ruwa. Fes. Madam Ramatu ta ce ba ta taɓa ganin kankara mai kyau irin wannan ba, Kawu kuma, Allah shaida, sai da ya yi murmushin jin daɗi.

Ta ce hanya ɗaya ta rage. A sa zanen a zauren masu manhajar na duniya, da gurbin aisin a buɗe, wanda ya ga yadda ƙafafun suka haɗu zai iya gane ko wane ne. Kawu ya ce sam. Ya ce ni na ce ni kaɗai zan gani. Ya tattara allonsa tsirara ya koma wajen masu shayi, ya yini bai yi mini magana ba. Na ji haushinsa, na kuma ji haushin kaina, don gaskiyarsa ce na yaudare shi. Ga taro yana ƙarewa, ga akwatin na ƙarshe mun tone shi, ga Sarkin Noma yana jira.

Washegari da hantsi na roƙe shi ya shigo ya duba mini zanen kawai, ko na yi kuskure. Madam Ramatu ta haska shi a jikin bango, kowane layi ya yi kaurin igiya. Kawu ya tsaya. Mutumin da ya yi shekaru yana aiki da lalube, ga aikinsa ya cika bango yana gani tar. Ya matsa kusa, ya bi layi da yatsa, ya ce wannan ba nan ya nufa ba, can ya nufa, na duba kuwa gaskiyarsa ce. Ya manta da labule, ya manta da matasan da suka taru a bayansa, yana ta bayani da Hausar Gwarzo ana fassarawa zuwa harsuna biyu. Har yatsansa ya iso tsakiya, inda na bar fanko. Ya daɗe a wurin.

"Ɗanlami na ɓoye wa," in ji shi, ba tare da ya juyo ba. "Ga shi Ɗanlami yana Sabon Birni yana cin abincinsa, ni ne a tsaye a ƙasar mutane ban san abin da na haifa ba. Sa musu, Uwata."

Na sa. Kafin a gama shayin la'asar amsa ta zo daga wani tsohon malamin lantarki a wata ƙasa mai nisa, wanda ba mu san shi ba, bai san mu ba. Ya faɗi lambar aisin, ya ce daga yadda aka ɗaura ƙafafun ba ya zama wani. Na karanta lambar, sai dariya ta kusa ƙwace mini, don aisin nan a Sabon Gari a faranti ake tallarsa kamar gyaɗa. Aka ɗauko ɗaya daga aljihun tebur aka gwada da bokiti, ya yi. Kawu ya maimaita lambar a bakinsa ya ce ai dama tana kan harshensa.

Amma tsohon bai tsaya nan ba. Ya ce rabin zanen tsohon abu ne da ke cikin littattafai, sai dai akwai wani lungu da bai taɓa gani ba, inda akwatin ke ƙara tsawon jira duk lokacin da rijiya ta yi saurin ƙafewa. Ya tambaya wa ya yi tunanin wannan, kuma ko an yarda ya koya wa ɗalibansa. Da na fassara, Kawu ya ce ai rijiyar fadama a ƙarshen rani ba a yi mata gaggawa, shi ya sa ya koya wa akwatin haƙuri. Ya sa na karanta masa saƙon sau biyu. Sannan ya ce a gaya wa malamin an yarda, amma ya faɗi sunan daidai, Ilu ne ba Iliya ba.

Saura shimfiɗa hanyoyin a kan allo, aikin da manhajar ke sauƙaƙawa, tana nuna maka inda layi ya hau layi. Na rubuta sunan Kawu a gefe kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya sa aka haska masa, ya girgiza kai. Ya tambaye ni shin rubutun da tagulla zai fito, irin ta hanyoyin wuta? Na ce e. Ya ce to in ɗauke shi daga gefe in kai shi tsakiya, in haɗa haruffan da juna, wutar da ke zuwa aisin ta shiga ta farkon sunan ta fita ta ƙarshensa. Manhajar ta yi ta ƙorafi, na yi ta lallashinta har ta haƙura. Madam Ramatu ta kalli abin ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin wanda ya yi wa ƙa'idarsu gadi da wuta ba.

Dawowa ba labari, sai dai a bakin iyaka Kawu ya nemi babban jandarman nan da kansa, ya sa na tura masa zanen a waya, ya ce ya kai wa mai gyara a Maraɗi. A gida muka buga zanen a shagon kwamfuta, na manna shi a allon tagulla da dutsen guga na gawayi, muka tsoma a ruwan magani ya cinye abin da ba a rufe ba. Ɗalibaina manya suka yi liƙin dalma, Kawu yana zaune yana shafa kowane allo da yatsa yana kushewa. Kafin a dasa albasa akwatunan suna fadamar Garo, kuma da Sarkin Noma ya yi godiya a gaban jama'a, Kawu cewa ya yi ai ƙaramin aiki ne.

Ranar wata kasuwar Gwarzo ina shagonsa sai ga Ɗanlami, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, da leda cike da alluna. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya samo wani zane a waya, ya bi shi tiryan-tiryan, amma ko ɗaya bai tashi ba, ko Baba zai duba masa. Kawu ya ɗauki ɗaya ya shafa tsakiyarsa da babban yatsa. Ni daga inda nake ina hango wurin sunan, an kankare shi fes, aiki mai tsabta, irin na wanda ya koya a hannun gwani.

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya janyo aljihun tebur, ya ɗauko allo sabo ya ɗora a tafin Ɗanlami, ya kuma miƙa ɗaya hannun.

"Kawo rezar," in ji Kawu. "Ni na ba ka ita, ni zan karɓa."